Abin da Ya Kai Ni Shagon Giya a Sabon Gari

Kun girma kuna jin ana cewa an taɓa ganin uwarku tana fitowa daga shagon giya a Sabon Gari da rana tsaka, da hijabinta har ƙasa, da kwalba a cikin leda. Na san kun ji, don akwai ranar da 'yar'uwarku Sadiya ta dawo daga islamiyya tana kuka, na yi juyin duniya ta ƙi faɗa mini abin da aka ce mata. To, ba ƙarya aka yi mini ba. Na shiga, na zauna a kan benci, na fi awa guda a ciki, kuma na fito da kwalbar. Abin da ba a gaya muku ba shi ne me ke cikin kwalbar da kuma wanda yake shan sa, kuma duk cikin masu yawo da maganar ba wanda ya taɓa tako ƙafa ya tambaye ni. Yanzu babanku ya riga mu gidan gaskiya, ni ma ba yarinya ba ce, zan faɗa. Wanda ransa zai ɓaci, sai ya ɓaci.

Sana'ata a lokacin haɗa humra ce da turaren wuta. Ba yabon kai ba, a unguwarmu ta Fagge babu amaryar da za a kai ɗakinta ba tare da humrata a cikin kayanta ba. Mai haɗa humra kuwa hancinta ne jarinta. Ko idona a rufe, in kin miƙo mini kwalba zan gaya miki sandal ne ko miski, na asali ne ko an yi masa algus. Cikin kayan aikina akwai wani farin ruwa da muke kira sifirit, da shi ake tsinka madarar turare in ta yi kauri. Ƙamshinsa ba ya ɓuya, yana da wani yaji da yake hawa hanci ya ratsa har ka. A Kasuwar Sabon Gari nake sayen sa, wurin wata mata 'yar ƙabilar Ibo da ake kira Maman Emeka. A Kano aka haife ta, Hausa a bakinta har da karin magana, kuma mun fi shekara goma muna hulɗa ba mu taɓa sa-in-sa ba.

Babanku kun san shi, shadda da atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari. Mutum ne da ko taba bai taɓa sawa a bakinsa ba, sahun farko ba ya wuce shi, in motar giya ta gifta ta gabansa sai ya toshe hanci yana a'uziyya. Matsalarsa ɗaya, basir da ciwon baya, irin na mutanen da suke wuni a zaune a kan dila. Kullum bayan la'asar in an taso daga kasuwa sukan yi majalisa a zauren gidanmu, shi da yayansa Alhaji Garba da abokansu. Alhaji Garba shi ne babba a dangin, maganarsa yankan wuƙa ce, ni ma Yaya nake ce masa. Shi ya fara kawo maganin. Wani mai magani ne yake haɗa musu, ana kawowa a robar ruwa, ja-ja-ja kamar shayin da ya sha dahuwa, saiwoyi suna yawo a ciki, ga ɗaci kamar maɗaci. Duk majalisar suka rungume shi. Wannan ya ce bayansa ya saki, wancan ya ce yanzu barci yake kamar jariri, wani ya ce da ya sha yake jin ɗumi yana bin jijiyoyinsa, alamar sanyi yana fita ke nan. Babanku ya samu wani ɗan kofin gilashi na shayi ya keɓe masa. Da farko rabi da yamma, daga baya cikakke, kafin shekara ta zagayo ya zama uku a rana: da safe, da azahar a kasuwa, da kuma yamma a zaure.

Shekara uku ana haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni ce na ga abin da majalisa ba ta gani ba. Mutumin da ba ya magana sai ta kama ya zama mai surutu da yamma, mai faɗa da safe. In ya tashi hannunsa rawa yake, ba ya iya sa maɓallin riga sai ya sha kofin farko, sannan hannun ya tsaya. Tuwo ya daina shiga. Farin idonsa ya fara komawa ruwan ɗorawa. Aka ce shawara ce, maganin shawara kuwa sai aka ce ya ƙara yawan wancan ɗin dai.

Wata safiya na gama tsinka turare, hannuna duk sifirit, na wanke, na zo ɗaukar kofinsa zan ɗauraye. Ban san me ya sa na kai shi hancina ba, sabo ne kawai na mai sana'a. Na ji kanumfari, na ji citta da tafarnuwa, na ji ɗacin saiwa. A ƙarƙashinsu kuma sai ga wannan yajin da na sani. Na sake wanke hannuna da sabulu har sau biyu, na buɗe robar kanta na shinshina. Yajin nan ne dai. Da babanku ya dawo na same shi a ɗaki na gaya masa a hankali.

"Alhaji, maganin nan akwai sifirit a ciki. Irin wanda nake aiki da shi."

"Binta, hancinki ne turare ya lalata. Komai kika shinshina yanzu turare ne."

"Wallahi ba hancina ba ne. Abin da ke bugarwa ne a ciki."

"Ni za ki ce wa ina shan abin maye? Yaya yana sha, mutanen da suka haddace Alƙur'ani suna sha, duk ba su gane ba sai ke? Giya tana Sabon Gari. Wannan saiwa ce, da bisimilla ake haɗa ta."

Kun ji fa hujjar. A wurinsu giya ita ce abin da ke cikin kwalba mai hoto, wadda ake sayarwa a wancan gefen titi, ana kiɗa ana shewa. Abin da ya zo a robar ruwa, yana da ɗaci, wanda ya kawo shi yana da gemu da carbi, to ya zama magani ke nan ko me aka zuba a ciki. Manyan mutane, masu kasuwanci har ƙasashen waje, waɗanda in ka miƙa musu shadda da taɓawa ɗaya za su gaya maka inda aka saƙa ta, amma ba wanda ya taɓa tambayar da wane ruwa aka jiƙa saiwar da yake ɗura wa cikinsa. Abin nan har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Washegari na tsiyayi maganin a wata kwalbar humra da babu komai a ciki, na ɗauki kofin nasa, na sa a leda, na hau adaidaita sai rumfar Maman Emeka. Ta buɗe, ta shinshina, ta ɗan ɗiga a harshenta, ta yamutsa fuska.

"Hajiya, wa yake shan wannan?"

"Maigidana. Maganin basir ne."

Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce wanta yana da shagon sarin giya a wani layi bayan kasuwa, kuma yana da abin da yake auna ƙarfinta da shi saboda masu kawo masa jabu da aka sirka da ruwa. Ta ce in bar mata kwalbar, ta kai, gobe in dawo in ji sakamako, don wurin ba na shigar irina ba ne. Na tsaya na yi tunani. In na koma na ce wa babanku wata mata a Sabon Gari ta ce kaza, na san amsar da zan samu. Gani ya kori ji. Na ce mata mu je tare. Ta sake tambayata ko na tabbata, na ce ta wuce gaba kawai.

Shagon ba kiɗa ba shewa, katan-katan ne jibge har rufi, kamar kowane shagon sari a kasuwar Singa. Wanta ya gaishe ni da ladabi, ya share mini benci ya fita ya ba mu wuri. Maman Emeka ta ɗauko kwalabe biyu ta ajiye a gabana. Ta nuna mini wata lamba a jikin takardar kowacce. Ta ce wannan babbar ita ce giyar da aka fi sha, lambarta biyar, ma'ana in ka raba abin da ke ciki gida ɗari, gida biyar ne kawai ke bugarwa, sauran ruwa ne. Wannan kuma ita ake kira wiski, lambarta arba'in, gida arba'in cikin ɗari. Shi ya sa mai shan waccan yake ɗaga kwalba guda, mai shan wannan kuma ɗan ƙurɓi ake zuba masa a gindin kofi.

"Ba sunan abu ko launinsa ke bugar da mutum ba, Hajiya. Wannan lambar ce, da kuma yawan abin da ya shiga ciki."

Sai ta ɗauko wani siririn gilashi mai nauyi a gindi, da zane-zanen lamba a jikinsa, da wani dogon kofi. Ta fara zuba ruwan famfo ta saka shi, ya taso sama ya tsaya. Ta ce sifirit bai kai ruwa nauyi ba, don haka duk yadda ya yi yawa a cikin abu, gilashin ƙara nutsewa yake. Ta zubar ta zuba wiski, ya nutse ya tsaya daidai arba'in, na sunkuya na karanta da idona. Ta ɗauraye, ta juye maganin babanku. Ina kallo gilashin ya sauka, ya zo arba'in, bai tsaya ba, ya wuce, sai da ya kusa hamsin. Ta ce kuma kar in ɗauka iyakarsa ke nan, don saiwoyin da suka narke a ciki suna ƙara wa ruwan kauri, suna hana gilashin nutsewa yadda ya kamata. Na fito da kofin na miƙa mata, na ce cikakke yake sha, sau uku. Ta juya shi a hannunta.

"Wannan kofin ɗaya ya fi babbar kwalbar can guda da rabi. Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mutanen da suke zuwa sayayya a shagon nan, da yawansu ba sa shan abin da maigidanki yake sha a rana."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin in tashi ta koya mini wani abu da zan iya yi a gida ba tare da gilashin ba, ta mayar mini da maganin a kwalbata, na fito. A bakin ƙofa muka yi ido huɗu da wani ɗan kamasho na layin su babanku a Kwari. Har yau ba wanda ya tambaye shi shi me ya kai shi layin. Kafin adaidaita ta sauke ni a Fagge labari ya riga ni isa gida.

Na tarar da babanku ya baro kasuwa tun kafin la'asar, yana tsaye a tsakar gida yana huci. Ban bari ya fara ba. Na ce ya shigo ɗaki, in ya gama ganin abin da zan nuna masa, duk hukuncin da ya yanke na ɗauka. Na rufe ƙofa da taga ɗakin ya yi duhu, na ɗauko robarsa da ke gindin gado, ba kwalbar da na dawo da ita ba, don kar ya ce an canza. Na zuba a murfin kwano, na ƙyasta ashana. Wuta ta kama, shuɗiya, tana lilo a kan maganin ba hayaƙi. Muka tsaya muna kallo har ta cinye ta mutu. Na gaya masa duk abin da na gani a shagon, lamba da lamba. Ya zauna a bakin gado. Can ya ɗago.

"To in na riƙa sirka shi da ruwa fa? Ai ƙarfin zai mutu."

"Alhaji, in na zuba gishiri cokali ɗaya a kofi, ko na zuba shi a bokiti, in ka shanye duka ai gishirin nan dai ka sha."

Aka kira magariba. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Shekara uku ke nan ina tsayawa gaban Ubangijina da wannan a cikina." Ya ɗauki robar da kansa ya juye ta a makwarara.

Ni a jahilcina na ɗauka an gama. Ashe jikin da ya saba da abu mai ƙarfi haka ba a yanke masa rana ɗaya. Kwana biyu tsakani babanku ya kama karkarwa, gumi kamar an watsa masa ruwa, yana kaɗe abubuwa daga jikinsa yana cewa kiyashi ne. Muka ɗauke shi sai asibiti. Da likita ya gama dubawa ya sa kowa ya fita sai ni, ya tambaye shi kai tsaye shekara nawa ya yi yana shan barasa. Babanku ya juya fuskarsa bango. Ni na ba da amsa. Likita ya ce mun yi ganganci da aka tsayar farat ɗaya ba a nemi shawarar likita ba, amma an zo a kan lokaci. Ya ce hantar ta taɓu, in ya bari har abada zai rayu, in ya koma ko da kaɗan-kaɗan ne, to mu fara shiri.

A ranar da yamma sai ga Alhaji Garba da mutanen majalisa, da roba cike a hannunsa. Ko gaisuwata bai amsa ba.

"Kin hana shi maganinsa kin ga abin da ya faru. Kin je kin zubar mana da mutunci a gidan giya, kin dawo kina neman kashe mana ɗan'uwa. Matsa in ba shi."

"Yaya, likita ya hana."

"Likita ya san basir? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Matsa, na ce."

Na tsaya tsakaninsa da gadon, na ce sai dai ya bi ta kaina. Maganar tana bakina, saura ƙiris in ce a kawo ashana in nuna wa kowa, sai na ji hannun babanku ya kamo gefen hijabina yana ja. Na haɗiye maganar. Ma'aikatan ɗakin ne suka zo suka fitar da su. Da muka rage mu biyu ya ce in matso.

"Binta, ki rufa mini asiri. In maganar nan ta fita, mashayi za a kira ni har in mutu, 'ya'yana su gaji sunan. Na yi miki alkawari ba zan sake sha ba. Yaya kuma ni zan yi masa magana da kaina, a hankali. Ke dai kar ki faɗa."

"Ni kuma abin da ake kirana fa, Alhaji?"

"Ke mace ce, za a manta."

Ba a manta ba. Na yi alkawarin, don mutum ne kwance tsakanin rai da mutuwa, kuma ransa na je nema tun farko. Aka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya ɗauki abin da ya fi tuwo nauyi. A watan nan aka dawo mini da humrar amare biyu, uwar ɗaya ta aiko cewa ba su san me nake zubawa a ciki ba. In na shiga gidan suna sai hira ta tsaya. Matan da na yi wa 'ya'yansu gyaran jiki da hannuna suka koma gaishe ni daga nesa. Kafin shekara na tattara kwalabena na ba wa ƙanwata. Ko babanku ya yi wa yayansa maganar, ban sani ba, ban ga alama ba. Abin da na sani, Alhaji Garba bai ga auren Sadiya ba, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa har ya rasu, dangi suka ce sammu ne na 'yan kasuwa. Babanku kuwa ya ƙara shekara goma sha huɗu a duniya, ya aurar da ku duka, ya ɗauki jikoki. Ban yi nadamar zuwa shagon nan ba ko na minti ɗaya. Amma kar wanda ya ce mini ban ji ciwo ba, kuma kar wanda ya ce mini in yafe wa mutanen da suka zauna a zaurena suna shan abin da ya fi wiski ƙarfi, suna tsine wa matar da ta je ta auna musu shi.

Akwai rana ɗaya da nake so ku sani, don ita ce ta fi zauna mini. Sati shida bayan an sallamo shi, babanku ya ji ƙarfin fita zaure a karon farko. Majalisa ta cika, ana ta barka da arziki. Ni ina bayan ƙofar da ta raba zaure da cikin gida, na kawo musu ruwa, sai na ji ƙarar buɗe roba. Na leƙa ta jikin labule. Alhaji Garba ya cika kofi ya miƙa wa ƙaninsa.

"Karɓi, ka dawo da ƙarfinka. Ka ga yadda ka rame."

Babanku ya karɓa. Na ga ya kai kofin kusa da fuskarsa, ƙamshin ya dake shi, ya lumshe ido. Maganar likita tana yawo a kaina. Sai ya sunkuya ya ajiye kofin a kan tabarma, ya tura shi gefe da yatsa.

"Likita ya hana ni abu mai ɗaci, Yaya."

"Kai dai ka sani. Amma ita waccan matar, da ni ne da tuni ta koma gidan ubanta. Macen da ta san hanyar gidan giya ai ba matar ajiyewa ba ce."

Mutum takwas ne a zauren. Na tsaya da tiren ruwa a hannu ina jiran babanku ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce, ko da "a bar maganar" ce. Ya gyara zaman hularsa, ya tambayi na kusa da shi ko sabuwar shadda ta shigo kasuwa.

Na ajiye tiren a bakin ƙofa na koma madafa. Bayan sun watse ya shigo, ya tsaya daga bakin ƙofar yana kallon bayana ina tuƙa tuwo.

"Binta, ban sha ba."

"Na gani, Alhaji," na ce, ban juyo ba. "Na kuma ji."